Kalmar da Ta Tsaya Mini a Argungu

Jikata ce ta tayar mini da wannan zance, ba tare da ta sani ba. Tana zaune a kan tabarma a gindin darbejiyar gidanmu a nan Nassarawa ta Birnin Kebbi, bayan la'asar, tana shirin jarrabawar fita sakandare, wayar uwarta a hannu. Sai na ji ta faɗa wa wayar wata kalmar Turanci, wayar kuma ta amsa mata da muryar mace, ta furta kalmar, ta faɗi ma'anarta, har da misali. Ta sake faɗin wata, aka sake ba ta. Kafin in gama shan kunun da ke hannuna ta wuce kalmomi sun fi goma, duk na sha'anin waƙa, irin waɗanda ake tambayar ɗalibai a darasin adabi. Da ta zo kan wata sai ta ɗago kai ta ce, "Tsoho, kai da ka yi koyarwa, mece ce sitanza?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai kalmar ta tsaya mini, daidai yadda ta yi wata safiya a Argungu tun ban ajiye gemu ba. Na ce mata baiti ke nan. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta koma kan wayarta, ni kuma ta bar ni da kunu yana hucewa a hannu.

Yaran yanzu ba su san ana shan wahala wajen neman ma'anar kalma ba. A kwalejin horon malaman da na yi, ƙamus ɗaya ne gare mu duka, yana cikin kabad mai kwaɗo, mabuɗin kuma yana aljihun wani dattijo da ba ya buɗewa sai bayan azahar, ya rufe da kiran la'asar. Bangon ƙamusun ya daɗe da yagewa, an ɗinke shi da zaren buhu, gefen shafukan ya yi baƙi da dattin hannu. Turanci ne zuwa Turanci. Ka je neman kalma ɗaya, a bayyana maka ita da kalmomi uku da ba ka taɓa ji ba, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta jefa ka wani shafi, na bayanka yana taɓa maka kafaɗa yana cewa lokacinka ya ƙare. Don haka abin da muke yi shi ne mu kwafe bayanin yadda yake, mu haddace shi kamar yadda muka haddace karatun allo. Sai dai shi karatun allo akwai ranar da malam zai zaunar da kai ya fassara maka, wannan kuwa babu. Wani lokaci mukan yi cinke. Akwai kalmar da muke cewa lalabai, wani abokina ya ce ai daga ji ka san lallaɓa ce, aka yi ta dariya, ashe kuwa waƙar reno ce, ya dace. Amma sauran ba sa dacuwa haka. Ba na cewa zamaninmu ya fi na yanzu, don na san abin da wancan kabad ya yi mana. Abin da ke damuna shi ne ganin kalma goma sun wuce ta gaban yarinya cikin ɗan lokaci, ban san ko ɗaya ta zauna ba, kuma ba ni da hanyar sani.

Ni mutumin Gulma ne, ɗan fari a gidan manomin shinkafa. Na tashi da kukan kwaɗi a fadama, da ƙarar gwangwanin korar tsuntsaye, da lugude daga gidaje uku a lokaci guda idan kaka ta yi. Na kuma tashi da in'ina. Ba irin mai sauƙin nan ba da mutum zai maimaita harafi sau biyu ya wuce. Tawa kamawa take yi. Idan ta kama, haƙora su haɗu, wuya ya ƙage, ido ya rufe da kansa, kalmar tana nan a bayan harshe ina jin ta amma ba ta fita. Inna takan aike ni sayen gishiri in tsaya gaban mai tebur har ya gaji ya fara nuna kaya ɗaya ɗaya yana tambaya ko wannan ne. A makaranta kuwa rubutu ya cece ni, don abin da baki ya kasa hannu yana yi. Da malamin ajinmu ya zo gida ya ce sunana ya fito a kwalejin malamai, mahaifina ya ce, "Malam, yaron ga ko sallama wuya taka yi mishi. Mi za shi hwaɗa ma ɗiyan mutane?" Amma ya bar ni na tafi. Shekara biyar yana noma shi kaɗai da ƙannena ƙanana, mutanen unguwa suna cewa ya saki hannun damansa don a mayar da mai in'ina malami, shi kuwa bai taɓa tanka musu ba, bai kuma taɓa ce mini komai a kai ba. Shirun nasa ya fi kowace magana nauyi a kaina.

Malamin da ke koya mana Turanci wani Ba'indiye ne, siriri, baƙi kamar mu, mai tabarau da farar riga da ba ta taɓa yin datti ba. Muna kiransa Mai Fesfa saboda babur ɗinsa, wanda ake jin ƙararsa tun daga nesa, wani irin tari-tari kamar na tsohon da mura ta kama. Shi ne kuma yake bin ɗalibai makarantu idan an tura mu gwajin koyarwa. A shekarata ta huɗu ya zo ya same ni a wata firamare a nan Birnin Kebbi, na tsaya gaban yara zan karanta musu labari, harshena ya kama a layin farko, bai saki ba har aka buga ƙararrawa. Ya rubuta na faɗi. Ba mugu ba ne, bai yi mini tsawa ba. Ya dai kira ni gefe ya tuna mini dokar kwaleji: wanda ya faɗi gwajin koyarwa sau biyu ba shi da takardar shaida, ko da ya cinye duk jarrabawar rubutu.

A shekarar ƙarshe, wajen ƙarshen damina, aka tura ni Argungu na mako shida, ajin ƙarshe na wata firamare. Kafin mu tafi Mai Fesfa ya raba wa kowa darasin da zai gwada shi a kai. Wasu suka samu nahawu, wasu rubutun wasiƙa. Ni ya miƙo mini takarda mai ɗauke da wata gajeriyar waƙar Turanci a kan manomi da ke komawa gida da yamma, a ƙasanta kuma jerin kalmomi goma sha biyu na sha'anin waƙa da zan koya wa yara. Zan rubuta su yadda bakinmu ke furta su: rayim, mita, fut, rifiren, balad, firi bas, da sauransu, ta biyu a jerin kuma sitanza. Wannan ita ce ya fi tsanantawa a kai. Ya sha hana mu cewa sitanza, ya ce babu wasali tsakanin harafin farko da na biyu, manne suke, a furta su tare. To, a daidai wannan mannewar ne harshena yake mutuwa. Ya ce zai zo rana ɗaya cikin makonni shidan nan, ba zai faɗi ranar ba. Sannan a makarantar akwai doka: ba a Hausa a cikin aji. Yaron da ya yi, a rataya masa wani ƙashin rago da aka ɗaure da igiya, ya yini da shi a wuya. Ɗalibin malami kuwa idan ya yi, maki ake yanke masa.

An sauke ni a gidan wani masunci kusa da gulbi. Matarsa tana bandar kifi, warin hayaƙin ya shiga rigunana har yara suna sunsuna ni idan na wuce. Kullum da safe ina tafiya makaranta kunnena yana kan hanya. Abin takaici, akwai wani malamin gona a garin mai babur irin na Mai Fesfa, kuma hanyarsa ta ofis ta bayan ajina take. Duk sanda ya wuce sai in tsaya ina jiran ƙarar ta mutu a ƙofar makaranta, sai ta zarce. Da yamma nakan je bakin gulbi inda babu kowa in yi ta faɗin kalmomin nan da bayaninsu ga ruwa. A can suna fita sumul, har sitanzar, yadda Mai Fesfa yake so. Da safe gaban yara arba'in sai ta koma ta kulle. Na daina cin abinci sosai. Matar masuncin ta fara tambayar ko miyarta ce ba ta yi mini ba. A mako na uku hedimasta, wanda yake leƙa ni ta taga lokaci lokaci, ya kira ni ofis ya ce, cikin tausayi kuwa, ya san wani babba a wajen ajiyar kayan gona, suna neman akawu mai kyan rubutu, aikin ba ya bukatar magana. Na yi godiya na fito. Ban taɓa jin maganar alheri ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Ranar Juma'a da aka tashi na hau motar katako zuwa Birnin Kebbi. Wajen Ambursa ruwa ya cinye hanya, muka sauka muka tura, na iso Nassarawa da taɓo har gwiwa. Wurin kawuna na nufa, yayan mahaifiyata, wanda nake sauka gidansa tun shigata kwaleji. Malami ne, yana karantar da manya littattafai a zaurensa, sana'arsa kuma ɗinkin riga na hannu. Yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, matan unguwa suna haddacewa suna rerawa wajen sussuka. Bai taɓa yarda littafin boko ya shiga zaurensa ba, a bakin ƙofa nake ajiye nawa tare da takalma. Ban je don ya taimake ni ba. Na je ne in gaya masa na bari, shi kuma ya kai wa mahaifina labari, don ni ba zan iya tsayawa gabansa in faɗa ba.

Washegari da hantsi, bayan masu ɗaukar karatu sun watse, na shiga na durƙusa. Yana zaune da riga a cinya yana fitar da adon aska a ƙirjinta. Ya ce, "Mi yak kawo ka tsakiyar aiki?" Na fara bayani, yana kamawa yana saki, ya ɗauke ni lokaci mai tsawo. Bai ɗago ba, allura tana shiga tana fita. Da na gama ya ce, "Ina takardar da anka ba ka?"

Na ce, "Kawu, Turanci ce."

"Na san ba Larabci ba ta. Ɗauko ka karanta man."

Na fita na ɗauko ta daga cikin takalmina. Ranar ce takardar boko ta fara shiga zauren nan. Na karanta ta farko, rayim. Ya ce mi ke nan. Na zubo masa bayanin ƙamus da Turanci yadda na haddace. Ya ce, "Ba ni jin wanga. Hwaɗa man da Hausa." Wannan karon ba in'ina ce ta hana ni ba. Ban sani ba. Mako uku ina faɗin bayanin nan ga gulbi, ban taɓa tambayar kaina abin da yake nufi ba. Na koma na bi kalmomin bayanin ɗaya ɗaya a raina, da ƙyar na ce, wai ƙarshen layi ya yi sauti iri ɗaya da ƙarshen wani layin. Kawu ya soke allurar a jikin rigar ya dube ni. Ya ce, "Ƙahiya. Wanga ai ƙahiya ta. Shekara biyat kana boko don a gaya maka ƙahiya?" Ƙafiya yake nufi, abin da na tashi ina ji a zauren nan tun ina yaro.

Haka muka bi su har azahar ta gabato. In fasa bayanin da ƙyar, shi kuma ya jefo sunan. Layuka da aka tara wuri guda, a bar fili, a sake tara wasu: baiti. Layin da ake komowa kansa bayan kowane baiti: amshi. Fut na ce masa ƙafa ce a Turancin yau da kullum, ban san me ya kawo ta waƙa ba. Ya ce, "Waƙa ba tahiya takai ba? Da mi za ta tahi?" Ya nuna mini yadda ake yanka layi ƙafa ƙafa, ya ce jimlar takun shi ne kari, shi ne mitar tawa. Da na ce balad ya yi saurin cewa gari ke nan da Larabci, na ce a'a, a nan waƙa ce mai ba da labari, ya ce to, sun ari kalma sun ɓata ta. Ban yi masa gardama ba. Da muka zo firi bas na ce waƙa ce wadda ba ta da ƙafiya ba ta da kari. Ya sa na maimaita. Ya ce, "Wanga ba waƙa ba ta, zance na. Amma in sun tambaye ka, hwaɗa musu abin da suka so ji." Akwai guda biyu da ya ce bai san su ba, bai kuma ƙirƙiro musu suna ba.

Sannan ya jawo gafaka ya zaro wata waƙarsa a kan haƙƙin maƙwabci, ya miƙo mini ya ce in rera. Na rera baiti goma ban tsaya ba. Ya ce, "Ina in'inar?" Na dube shi. Ya ce tun ina ƙarami ya lura, idan ina tilawa ko rera waƙa ba ta zuwa, sai idan an ce in yi magana. Ya ce, "Harshenka ba shi son a tura shi. Aza hannu bisa tebur, kowace gaɓa ka ba ta bugu guda da yatsa, ka bi bugun, kak ka bi tsoro." Ya ƙwanƙwasa allo da yatsa ya sa na faɗi kalmomin a kan bugun, suka fita. Na ce masa amma an hana Hausa a aji. Ya ce wannan tsakanina da su ne, shi dai abin da ya sani, idan yaro bai gane ba to ba a karantar ba. Da na koma kan maganar da ta kawo ni sai ya ɗauki allurarsa. Ya ce, "Ba ni kai ma ubanka wanga saƙo. In ka shiga ka hwaɗi, ni ka tahiya Gulma da ƙahwata in gaya mishi. Amma gudu, kai za ka kai abinka."

Na koma Argungu ba don na samu ƙarfin zuciya ba, sai don ba ni da wanda zai kai saƙon.

Mai Fesfa ya zo ranar Talata ta mako na biyar. An yi ruwa da asuba, hanya ta jiƙe, na sa a raina ba zai fito ba, har na ci ɗumame da safe. Muna cikin darasi na biyu na ji tarin babur. Na ce malamin gona ne. Sai ƙarar ta rage, ta juyo, ta mutu a gindin bishiyar ƙofar makaranta. Ya shigo da ƙafar wando a naɗe, ya wuce bayan aji ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya buɗe littafinsa ya ce in ci gaba.

Na aza hannun hagu a kan tebur. Na karanta waƙar manomin ina bugawa da yatsa, a hankali, kusan rerawa, ta fita daga farko har ƙarshe. Na ji wani ɗan sanyi a raina. Na juya na rubuta rayim a allo, na furta, na faɗi bayaninta da Turanci, yara suka maimaita. Na rubuta ta biyu. Na juyo, na ga tabarau ɗinsa yana kallona, na tuna yadda yake so a furta ta, na ɗauke hannuna daga tebur ban sani ba. Harafin farko ya fito, wata doguwar iska kamar tayar keke ta huje, na biyun ya ƙi. Haƙorana suka haɗu. Idona ya rufe. Na ji wata yarinya ta ƙyaƙyace da dariya, wasu suka biyo ta, sannan aka yi tsit, wanda ya fi dariyar muni. Ina jin ɗigar ruwa daga kwano tana faɗawa cikin wani gwangwani a waje. Ina jin alƙalaminsa yana tafiya a takarda. Ban san tsawon lokacin ba. Na ga Gulma a cikin duhun idona, na ga mutanen unguwa zaune a dandali ina saukowa daga mota da akwatina.

Hannuna ne ya lalubo teburin. Na buga sau uku, na ce si, tan, za, da wasalin da ya hana, gaɓa uku cif. Ta fita. Na buɗe ido na faɗi bayanin da Turanci a kan bugu. Yara suka maimaita. Na dubi fuskokinsu, sai na ga fuskata a zauren kawu, baki yana motsi kai babu komai. Na tambaye su da Turanci wa ya gane. Babu hannu ko ɗaya. Na san yana rubutu, na san doka, na san ƙashin ragon yana rataye a ƙusa kusa da allo. Ban yi wani dogon tunani ba, kuma ba jarunta ba ce, ina jin na riga na yanke cewa na faɗi ne. Na ce musu da Hausa, "Baiti ne. Baitin waƙa, irin na makarantar allo."

Aji ya ɗauki wani dogon "aaa". Wasu suka juya suna kallon ƙashin, wasu suna kallon baƙon. Na ce baiti nawa ne a waƙar nan? Suka ƙirga suka ce huɗu. Na ce su faɗa da Turanci, suka faɗa. Na rubuta rifiren na ce amshi ne, wa zai ba ni misali? 'Yan matan aji suka dubi juna, ɗaya ta fara wata waƙar gaɗa, sauran suka karɓa da tafi, kafin in tsayar da su hedimasta ya iso taga yana zare ido. Na mayar da su kan waƙar manomin, suka nuna mini layin da ke dawowa. Kalmomi biyar kawai na samu na yi cikin sha biyun aka buga ƙarfen tashi. Mai Fesfa ya rufe littafinsa, ya fita, ya tayar da babur. Hedimasta ya ce, "Malam, ka kashe kanka da hannunka. Dole in rubuta."

Wata biyu na yi a cikin wannan hali. Muka koma kwaleji, muka yi jarrabawar rubutu, ina rubutawa ina tambayar kaina amfanin me. Idan muka haɗu da Mai Fesfa a baranda in gaishe shi, ya gyaɗa kai ya wuce, in yini ina fassara gyaɗawar. Kawu bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Ranar da aka liƙa sakamakon gwajin koyarwa na bari sai da mutane suka ragu sannan na matsa. Na bi jerin waɗanda suka ci, babu sunana. Na bi jerin waɗanda suka faɗi, su shida, babu sunana. A can ƙasa an rubuta sunana da jan biro, wai in ga malamin Turanci.

Na same shi a ofis yana cin ayaba. Ya nuna mini kujera, ya buɗe littafin nan, ya karanta mini da Turancinsa mai sauri. Furuci ba daidai ba, ya yanke maki. Hausa a cikin aji, ya yanke. Hayaniya, ya yanke. Ban gama darasi ba, ya yanke. Ya ce hedimasta ya aiko da takardar ƙorafi, shi ya sa shugaban kwaleji ya ce a riƙe sunana. Sai ya ce mako biyu bayan na bar Argungu ya koma makarantar ba tare da ya sanar ba, ya shiga ajin shi kaɗai. Ya ce, "Na tambaye su kalmar nan da kake ɓatawa. Suka ce baiti. Na ce su faɗa mini da Turanci. Suka faɗa, suka kuma nuna mini a littafi. Na shiga ajin da ke kusa, na wani ɗalibi da na ba maki mai yawa, na tambaye su abin da ya koya musu. Sun rera mini bayanin, ba su iya nuna mini ba." Ya rufe littafin ya ce, "Abin da ya rage na makinka ya kai. Da kaɗan. Na gaya wa shugaba haka, ya sa hannu jiya." Har na kai ƙofa ya sake kirana ya ce in'inata ba za ta tafi ba, kada in zauna ina jiran ta tafi. Gaskiya ya faɗa. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa da hannun hagu a kan tebur, har yau kuma takan kama ni a wurin gaisuwar mutuwa ko idan an ce in yi addu'a a taro.

Na biya Nassarawa na gaya wa kawu, ya ce alhamdulillahi, ya ce in wuce Gulma a ranar kada in kwana. Na isa da la'asar sakaliya, inna ta ce suna fadama, ana yankan shinkafa. Na bi ta kan kunyoyin gona da farar rigata da takalman makaranta har na hango shi, tsaye cikin ruwa zuwa ƙwauri, ya sunkuya, bayansa ya rame fiye da yadda na bar shi. Maƙwabtan gona suna nan su huɗu ko biyar, har da waɗanda suka fi kowa magana a kaina. Na tsaya a kan tudu na yi sallama. Ya miƙe yana dafe da ƙugu. Babu tebur a wurin, sai na buga cinyata da yatsa na ce, "Baba, na ci."

Ya dube ni ya daɗe, ruwa yana ɗiga daga damin da ke hannunsa. Ya juya ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗaga murya yadda na can nesa ma zai ji, ya ce, "Malam, tuɓe takalman ga ka shigo. Akwai lauje bisa kunya."